Jirgin da Aka Wanke Ranar Jere

Abdurrashid ɗan ƙanwata ne, shekararsa arba'in ba ɗaya. Aikin fitar da kaya yake yi a tashar jirgin ruwa ta Lomé, takardu da hatimi da gaisuwar 'yan kwastan. Yana salla, ba ya shan komai, yana gaida manya, ba wanda ya taɓa kawo mini ƙararsa. Aibinsa guda ɗaya ne, amma ya ishi gida guda: jiragen sama na roba.

Ba fa jirgin da zai ɗauki mutum ba. Ko ƙadangare ba zai ɗauka ba. A kwali ake aiko masa da su, gutsi-gutsi kamar ƙashin kifi, ya zauna da hantsaki da gam yana liƙawa. Wata uku, wata shida, sai ka ga abu bai fi kamu ɗaya ba ya fito. Ya sa shi a kabad na gilashi ya kulle, ya koma gefe ya tsaya yana kallo kamar wanda aka yi wa haihuwa. In ka ce kayan wasa, sai ransa ya ɓaci, ya ce sunansa maket.

A kasuwar Hédzranawoé ya ɗauko ciwon, wurin 'yan gwanjo. An kwance wata dila daga Turai, a tsakiyar tsofaffin rigunan sanyi sai ga kwali ba a ma buɗe shi ba, da hoton jirgin sojan ƙasar Ireland a jiki. Mai dilar ya ba shi gyara a kan wando biyu. Tun daga ranar bai sake haɗa jirgin wata ƙasa ba.

Na taɓa tambayarsa. Na ce, “Kai kuwa, duk duniya, ga Amurka, ga Rasha, ga masu jiragen da in sun tashi ƙasa take girgiza, sai Ireland? Wa suka taɓa yaƙa?”

Ya ce, “Kawu, na Amurka ko shekara ɗari na yi ba zan gama su ba. Na Ireland kaɗan ne. Mutum ɗaya zai iya haɗa kowane iri kafin ya mutu.”

Na ce, “Wato ka duba ka zaɓi wanda ya fi kowa rashi.”

Ya yi dariya, ya zaci yabo ne.

Cikin jiragen akwai wanda yake kira Fuga, mai wutsiya a tsage kamar an buɗe almakashi. Shekara biyu ya yi a kansa. Ran nan ya kira ni ɗaki, ya miƙo mini gilashin nan mai ƙara girman abu, ya ce in duba. Na duba, sai na ga datti. Baƙin hayaƙi a bayan inji, ɗigon mai ya zubo ta ƙarƙashin fiffike, wurin da matuƙi yake taka ƙafa fenti ya goge.

Na ce, “Ai ya lalace.”

Ya ce, “Ni na yi shi haka, Kawu. Wannan hayaƙin kaɗai wata huɗu ya ɗauke ni. Alli nake niƙawa, in shafa da burushi mai gashi uku. Haka jirgin yake a hotunansa na ƙarshe, kafin su ajiye shi.”

Duk garin da na taka, daga Kumasi har Legas, mutum kai motarsa yake yi a wanke masa. Ɗan ƙanwata shi kaɗai ne ya zauna wata huɗu yana ƙera dauɗa.

To ashe akwai masu irin ciwonsa. Wasu tsofaffin Turawa ne a Dublin, suna da ƙungiya, duk shekara sukan taru a wani zaure su jera robobinsu a kan tebura suna yaba wa juna. Ya tura musu hotunan Fugan ta waya. Wani shugabansu, wai shi Declan, ya rubuto masa cewa in jirgin zai iya zuwa, za su ware masa wuri a tebur, su ajiye kati da sunansa, a ƙasa a rubuta Lomé, Togo. Ba kyauta, ba kujerar Makka, kati kawai. Amma saƙon nan sai da ya karanta mini shi sau uku, yana fassarawa. Aka yi sa'a Tawfiq, ɗan maƙwabcinmu mai aikin jinya a can, ya zo hutu, zai koma ranar Litinin. Ya yi alkawari zai riƙe jirgin a hannu har Dublin.

A wannan makon kuma aka sa bikinsa. Mun sha wuya kafin mu kai nan, don mace uku aka nuna masa a baya, duk wadda ta leƙa ɗakin sai ta ce za ta yi shawara. Soumaya ce ta tsaya. Bazawara ce, mai sayar da atamfa a babbar kasuwa, mace mai hankali wadda ba a yi mata ciniki biyu. Ɗaurin aure Asabar, jere Juma'a.

Ranar Alhamis da hantsi ya same ni a ƙofar gida, ya durƙusa, ya ajiye ɗan makulli a tafin hannuna.

“Kawu, na kabad ne. Ba na so a buɗe. In sun ce lalle sai an matsar da shi, kai za ka fitar da jiragen da hannunka, ɗaya-ɗaya, ka tallabo ta ƙasa. Fugan kuwa kada a taɓa shi. Fentin ƙarshe bai gama kamawa ba, daminar nan ta hana.”

“Ka kai wa Tawfiq tun yau mana, ka huta.”

“Gidansu jikoki tara, Kawu.”

“To ka tsaya da kanka.”

“Ka san ba a barin ango ranar jere. Kai ne babba. Kai ba za su tsallake maganarka ba.”

Gaskiyarsa a nan. Ranar jere ɗakin ango ba nasa ba ne. Dangin amarya mata su ke shigowa da gado da labule da kwanuka, su kori duk namiji, su shirya ɗakin yadda idan 'yan kallo suka zo ba za a raina gidansu ba. Ango bai isa ya leƙo ba sai an kira shi godiya. Na sa makulli a aljihu na ce ya je, ba komai.

Juma'a da safe motar kaya ta tsaya, mata suka sauko kamar an zo kwashe gari. A gabansu Hajiya Sahada, gwaggon amarya, mai shagon kayan kicin a Adidogomé. Rabin ɗakunan Zongo ita ta jera su, kuma ba ta bari a manta. Ina zaune a tsakar gida ina jin ana jan gado, ana buga ƙusa, ana gardamar labule. Wajen sha biyu sai ga ta a kaina, hannu a ƙugu.

“Alhaji, ina makullin wancan akwatin gilashin?”

“Ango ya ce kada a buɗe.”

“Ango! Ango ya san jere? Tangaran ɗin yarinyar nan tun daga Dubai aka kawo su. A ƙasa zan jera su kamar mai tallan tumatir, kayan wasan yara suna sama cikin gilashi?”

“Ya ce ba kayan wasa ba ne. Maket.”

“Ma me? Alhaji, da girmanka. So kake gobe matan unguwar Agoè su shigo su ce 'yarmu ta auri mai shagon wasan yara? Ku ne ya kamata ku ɓoye wannan abin tun kafin mu zo. Mu muna rufa muku asiri, kai kana riƙe makulli.”

Ban ce ta yi gaskiya ba, amma ban sami inda ta yi ƙarya ba. Ga kiran salla ya fara tashi daga babban masallaci, ga ƙafata ba ta sauri. Na ce a raina, mata ashirin da suke ɗaukar tangaran daga Dubai bai fashe ba, roba ce za ta gagare su? Na miƙa mata makullin.

“Amma a tallabo ta ƙasa. Kada a fasa ko ɗaya.”

“Mu da muke wankan jarirai? Je ka yi sallarka, ka sa mu a addu'a.”

Ba su fasa ko ɗaya ba, wannan zan shaide su har gaban Allah. Da na dawo na tarar da jiragen a jere a kan tabarma cikin inuwa, kowanne lafiyarsa lau. Na ƙirga, ɗaya babu. Na ɗaga kai, sai na hango shi a kan katanga, a kife cikin faranti tare da cokula, yana shan rana.

Hajiya Sahada ta fito tana goge hannu da zani.

“Wancan mai wutsiya biyun, Alhaji, ban taɓa ganin ƙazanta irin tasa ba. Sauran da dama-dama, ƙura ce kawai. Shi kuwa baƙi har cikin hammata. Gwauro dai gwauro ne. Omo bai fitar ba, sai da yarinyarmu Assana ta sa kananzir da soson ƙarfe. Duba yanzu.”

Na duba. Hayaƙin wata huɗu ya tafi. Fentin da ke ƙarƙashin hayaƙin shi ma ya tafi, sai roba toka-toka da zanen soso. Lambobi da tambarin da ke jikinsa kuwa na gan su a bahon wanki, suna yawo a kan kumfa kamar ɓawon albasa. Na sa yatsa in ɗauko ɗaya, ya narke.

“Hajiya, dattin nan da gangan ya yi shi.”

Ta dube ni, ta juya ta kira sauran. “Ku zo ku ji. Wai dattin da gangan ne.”

Dariyar da suka yi har 'yan layin baya sun ji. Wata tsohuwa ta ce ita ma mijinta shekara talatin da gangan yake yi.

Ban tsaya ba. Abin da ya ɓaci ranar Juma'a, in za a nuna shi Asabar, ba a zama yi masa kuka. Na naɗe jirgin a hirami, na tare zem, ɗan acaɓan nan garin, na ce ya kai ni bayan tashar manyan motoci, wurin Tchakoura.

Tchakoura mutumin Sokodé ne, mai fentin motoci. Duk tirelar da ka gani tana hawa arewa da zaki a ƙofa ko dawisu a baya, in ta yi kyau, hannunsa ne. Na same shi a kan tsani yana yi wa wata mota idon damisa. Na buɗe hirami.

Ya sauko, ya juya abin a hannunsa. “Alhaji, tsufa ya kai nan? In sayo maka balan-balan?”

“Na ɗan ƙanwata ne. Turai za shi ranar Litinin, wurin gasa. Mata sun wanke shi. Ina so ya koma yadda yake kafin la'asar ta gobe.”

“Yaya yake da?”

“Ruwan azurfa. Hanci da bakin fiffike ja-ja. Sai datti.”

“Datti?”

“Hayaƙi, baƙin mai, irin wannan.”

Ya ajiye jirgin a kan durom a hankali. “Alhaji, shekara talatin da biyar ina wannan aiki. Ba a taɓa kawo mini abu a ce in sa masa datti ba, kuma ba da kai za a fara ba. In ya je Turai a ce wa ya yi? A ce Tchakoura na Lomé? Ka kai wa masu gyaran salansa su busa masa.”

Na yi tunani, na ga ai in mutum zai aika abu gaban baƙi, gara ya je da tsabta. Na ce to a bar dattin.

“Tuta fa? Akwai tuta?”

“Akwai, ƙarama, gefe da gefe wajen wutsiya. Da wani tambari zagayayye, kala uku a murɗe kamar an dama su a ƙwarya.”

“Wane kala?”

“Ruwan goro, fari, kore. Irin ta Kodebuwa sak.”

Wannan tutar ba wanda zai koya mini ita. Na gan ta a kan iyaka, na gan ta a kafaɗar jandarman da suka sha sauke mu daga motar goro a hanyar Abijan. Tun ranar da na fara ganin kalolin a kabad ɗin Abdurrashid na ce a raina, su Ireland ɗin ko tuta ba su iya ƙirƙiro tasu ba.

Tchakoura ya ce, “Wannan ko ido rufe. Na yi ta a motocin Abijan sun fi ɗari. Murɗaɗɗen tambarin kuwa ka bar shi, aikin wanda hannunsa ke rawa ne. Zan yi maka zobe uku masu kyau.”

Asabar da safe, kafin a tafi masallaci ɗaurin aure, na koma. Wallahi jirgin nan yana ƙyalli kamar sabuwar tukunya. Fentin mota ya sha, mai kauri, har 'yan layukan da ke jikinsa duk sun cike sun yi sumul. Gilashin matuƙi ya yi hazo saboda ƙarfin fentin, sai Tchakoura ya shafe shi da shuɗi, ya ɗiga farin tauraro a kusurwa, yadda yake yi wa gilashin mota a zane. A gefen hagu kuma, daga hanci zuwa fiffike, da jan rubutu mai inuwa: ALLAH YA TSARE HANYA.

Na ce, “Wannan fa ban ce ba.”

“Ba sai ka ce ba. Abin hawa ba ya fita daga hannuna babu addu'a. Balle wanda zai tsallaka teku. Da gashin kaza ɗaya na rubuta shi, Alhaji, idona har yanzu yana ruwa. In Turawan sun tambaya, ka ce akwai lambata.”

Na kawo shi gida na ba Hajiya Sahada. Ta ce yanzu ne ya zama abin nunawa. Sauran jiragen ta sa an zuba su a kwalin taliya an tura ƙarƙashin gado, shi kuwa ta shimfiɗa masa ɗan kyalle mai saƙa a saman kabad, tsakanin fulas biyu masu ruwan zinariya.

An ɗaura aure lafiya. Bayan la'asar aka kira ango godiya. Ya shigo da farar shadda, abokansa biyu a baya, mata cike da ɗaki har bakin ƙofa, ana guɗa. Idonsa bai je kan gado ba, bai je kan labule ba. Kabad ya duba, ya ga tangaran. Sannan ya ɗaga kai.

Na sha ganin mutum ya sami mugun labari. Wani ya faɗi, wani ya yi ihu. Shi tsayawa ya yi kawai, hannunsa ɗaya a sama kamar zai gyara hula ya manta.

Hajiya Sahada ta ce, “Ango ya rasa baki! Ka gane shi kuwa? Mu muka wanke, kawunka ya kai aka yi masa kwalliya. Ka gode wa Allah da ya ba ka manya.”

Ya matso kusa da ni, murya ƙasa-ƙasa. “Kawu. Makullin.”

“Salla ce ta kama ni.”

“Wannan tutar Kodebuwa ce.”

“Ba kala ukun ba ne?”

“Kore ne a gaba. Na Ireland kore ne a gaba, Kawu.”

“To ka juya shi ya kalli ƙofa mana.”

Ya buɗe baki, na ga Faransanci yana tahowa, irin wanda suke yi in Hausa ta kasa ɗaukar fushinsu. Sai wata daga baya ta ce, “Ango, gwiwa! Muna jira, ƙafafunmu sun kumbura tun jiya.”

A nan Zongo ango bai isa ya ce wa masu jere ko labule ya karkace ba. In ya faɗa, kafin magariba an kwance gadon an mayar da shi mota, kuma maganar za ta bi 'ya'yansa. Ya sani, ni ma na sani, Hajiya ta fi mu sani. Ya dubi jirgin sau ɗaya, ya tattara shaddarsa ya durƙusa a kan sabon kafet.

“Iyayena, na gode. Allah ya saka da alheri. Ɗaki ya yi kyau.”

“Jirgin fa?” in ji Hajiya. “Assana har farcenta ya karye.”

“Har da jirgin. Allah ya biya.”

Aka rangaɗa guɗa. Ni dai na fita shan iska.

Lahadi da hantsi na leƙa, don a ce babba ya zo ganin kwanan amarya. Na same shi a bayan ɗaki a kan benci, ya sa jirgin a cinya, da auduga da wata 'yar kwalba, yana ƙoƙarin cire fentin Tchakoura. Fentin mota ba ya sakin abin da ya kama. Inda ya saki kuwa, robar ta yi laushi kamar tuwon da bai nuna ba. Ina tsaye fiffiken dama ya lanƙwashe a hannunsa, ya sunkuya ƙasa. Ya gaishe ni yadda ya kamata, ya tambayi ƙafata, bai ɗago ba.

Soumaya ta kawo mini koko da ƙosai. Ta durƙusa ta ajiye, mayafi har goshi, amma ba ta tashi ba.

“Kawu, in yi magana?”

“Yi, 'yata.”

“Tun kafin a sa rana ya nuna mini jirgin nan. Na ce masa ni ban ga abin gani ba. Amma a shagona akwai atamfar da ake yi wa zane kamar ta tsattsage, kamar rini ya zuba. Baƙauya in ta gani sai ta ce ta lalace. Wadda ta san zani ita take fara ɗauka. Da ya ce da gangan ne, na gane.”

“To me ya hana ki gaya wa gwaggonki?”

“Na so in gaya mata. Sai aka ce mini makulli yana hannun babba. Shi ya sa na kwantar da hankalina.”

Ta ɗauki faranti ta shige. Kokon ya yi tsami, ban shanye ba. 'Yan kasuwar atamfa haka suke, sai sun auna ka sannan su yanka.

Na ce wa Abdurrashid, “Kai, ka daina cuɗa shi haka. Ka miƙe fiffiken da ɗan zare, ka aika shi yadda yake. Turawan nan sun gaji da ganin datti, kowa ya kawo datti. Naka ne kaɗai zai yi ƙyalli a teburin. Wa ya sani ko shi za su fi so?”

Ya ce, “Kawu, ka sha kokonka.”

Litinin da azahar Tawfiq ya zo da tasi, zai wuce filin jirgi. Ya shigo da fara'arsa yana tsokanar ango, ya ce ina fasinjansa, ya bar masa jakar hannu guda babu komai a ciki. Abdurrashid ya shiga ɗaki ya fito da wani akwatin katako ɗan ƙarami da ya sa kafinta ya yi masa, ciki an shimfiɗa soso an yanke shi daidai surar jirgin, har da gurbin wutsiya biyu. Ya buɗe. Babu komai.

Tawfiq ya ce, “Ina yake?”

“Ba zai je ba.”

“Kamar yaya ba zai je ba? Mutumin nan ya kira ni sau biyu. Ya ce ya riga ya buga katin.”

“Ka ce masa na gode. Ka ce ya ba wani wurin.”

“In ce me ya faru?”

Abdurrashid ya dube ni. Na dubi tasi.

“Ka ce an yi biki a gidanmu.”

Tawfiq zai ƙara magana, sai uwarsa da ta rako shi ta leƙo ta kafaɗarsa ta ga akwatin. Tun safe ake faɗa da ita a kan kaya, an ce nauyi ya yi yawa, an sauke mata ƙulli uku.

“Wannan wurin banza zai tafi?”

Kafin wani ya amsa ta fizge soson ta yar, ta aika aka kwaso ƙullin. Daddawa ta fara shiga, sai busasshiyar kuɓewa, sai yaji a gorar ruwa. Maƙwabciya ta ji labari ta kawo kuka, wai a kai wa ɗanta a wani gari da ko Tawfiq bai san inda yake ba. Aka danna, murfi ya ƙi rufuwa, uwar Tawfiq ta hau kai ta zauna har ya yi ƙara.

Na ce, “To, alhamdu lillahi. Ko ba komai yau abin amfani zai hau jirgi daga gidan nan.”

Ba wanda ya yi dariya sai direban tasi.

Abdurrashid ya sunkuya ya ɗauki akwatin da kansa. Ya tallabo shi ta ƙasa da hannu biyu, ya bi ta gabana a hankali yana kauce wa kwata, warin daddawa yana binsa har bakin titi.